DARASIN WATA: Wutar Sola da Sabis ɗin Waya a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Ruwan da ke bin manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure ba ya buƙatar inji. Daga madatsar Tiga yake tasowa, ya shiga tafkin Ruwan Kanya, sannan ya gangaro da kansa, domin ƙasar can ta fi ta nan tudu. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da madatsar da magudananta. Kashin farko na shirin noman ranin, an tsara shi ne a kan hekta kimanin 22,000. Da wannan ruwa ake noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara, tun daga Kadawa har Ƙarfi da Ɗan Hassan da Gafan.

Ruwan magudana kaɗai ne ke tafiya da kansa. Sauran abubuwa duk sai da wuta. Injin casar shinkafa sai da wuta. Rijiyar burtsatse mai tanki sai da wuta. Firijin da ake ajiye allurar rigakafi a asibitin ƙauye sai da wuta. Wayar da manomi zai kira dillali ya ji kuɗin kwandon tumatir a Kwanar Gafan, ita ma sai an yi mata caji. Kai, ƙarfen sabis ɗin da ke kawo maganar ma, galibi janareta ne ke riƙe da shi dare da rana.

Darasin wannan wata a kan abubuwa biyu yake, wato wuta da sabis. Tambayar ita ce: wa ke yanke shawara a kansu, kuma ina talaka zai sa baki?

Wa ke da iko da me

Gwamnati hawa uku ce a Nijeriya: ta tarayya, ta jiha, da ƙaramar hukuma. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Kura da Bunkure da Garun Malam suna cikinsu.

Shekaru da yawa harkar wuta a hannun tarayya take. Dattawa sun san NEPA, wadda aka kafa a 1972. Daga baya ta koma PHCN. A watan Nuwamba 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Wanda ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO. A watan Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarsu. A watan Yuni na wannan shekara aka sa hannu a kan sabuwar dokar wutar lantarki. Tun daga nan, gwamnatin jiha ba za ta ce harkar wuta ta Abuja ce kaɗai ba.

Harkar waya kuwa tana hannun tarayya. Hukumar NCC ce ke ba kamfanoni lasisi, ita ce kuma ke amincewa da farashi.

To ƙaramar hukuma fa? Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukanta. Akwai kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da banɗakin jama'a. Akwai ƙananan hanyoyi da kwata da fitilun titi. Tana kuma da hannu a makarantun firamare da ilimin manya da kiwon lafiya da aikin gona. Idan mai karatu ya duba wannan jeri da kyau, zai ga kusan kowane ɗaya yana cin wuta. Saboda haka ƙaramar hukuma ba ta da tashar wuta, amma kullum tana sayen wuta ko mai. Tana iya sayen dizal, tana iya biyan KEDCO, tana iya kafa sola. Wannan zaɓi nata ne, kuma da kuɗin jama'a ake yin sa.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa har cikin 2025. Duk da haka hukuncin ya ba kowane mai ƙuri'a hujjar tambayar kansilansa: nawa ya shigo, kuma ina aka kai shi?

Yadda fetur ya sauya lissafi

Ba kowace gona ce ruwan magudana ke kaiwa ba. Masu gona a ƙarshen layi, da masu noma a fadama da bakin kogi, da injin ban ruwa suke aiki. Injin kuwa fetur yake sha.

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Kafin ranar, farashin gwamnati bai kai naira 200 a kan lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura naira 500. A ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000.

Ga lissafi domin ajin karatu. A ɗauka injin wani manomi yana shan lita 4 a kowane ban ruwa. A ɗauka yana ban ruwa sau 2 a mako, har mako 14. Lita 4 sau 2 ya ba da lita 8 a mako. Lita 8 sau 14 ya ba da lita 112. Idan lita naira 190 ce, kuɗin mai ya kama naira 21,280. Idan lita naira 1,000 ce, ya kama naira 112,000. Gonar ba ta ƙara faɗi ba, shinkafar ba ta ƙara buhu ba, amma kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyar.

Abin da ya sami manomi shi ne ya sami rijiyar gari. Inda janareta ke tura ruwa tanki, sai an tara kuɗin mai. Ranar da ba a tara ba, mata da yara su koma ɗibar ruwan magudana. Wannan ruwa ya bi gonaki, ya kwaso taki da maganin feshi. A cikinsa kuma ake kamuwa da tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini.

Wutar kamfani ma ta yi tsada. A watan Afrilu 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga waɗanda ke rukunin farko, wato masu alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Ƙauyuka da yawa ba sa cikin wannan rukuni, domin ba su taɓa ganin awa 20 ba.

Yadda sola ke aiki

Farantin sola yana karɓar hasken rana ya mayar da shi wuta. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. Faranti mai kyau yana kai shekara 20 zuwa 25. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantin ya faɗi a duniya da kusan kashi 90 cikin 100, shi ya sa yanzu ake ganin sa har a rufin mai shayi. Ƙasar Kano kuwa rana ba ta yi mata rowa ba.

Amma faranti ba ya aiki da dare. Wanda ke son wuta bayan magariba sai ya haɗa da batir. A nan matsalar take. Batir irin na da, mai ruwa ko na busasshe, daga shekara biyu zuwa biyar yake mutuwa. Batir na zamani da ake kira litiyam ya fi daɗewa, amma ya fi tsada. Duk aikin solar da aka gani ya mutu a ƙauye, idan an bincika, yawanci batir ne ya mutu, ko an sace shi, ko ƙura ta rufe farantin. A lokacin hunturu faranti yana buƙatar a goge shi akai-akai, in ba haka ba wutarsa ta ragu.

Daga nan mai karatu zai gane wane aiki ya fi dacewa a fara da shi.

Na farko rijiyar burtsatse. Ita ba ta buƙatar batir ko ɗaya. Da rana faranti ya tura ruwa sama, tanki ya cika. Da dare ruwa ya sauko da kansa. Tankin ne ya tsaya a madadin batir. Wannan shi ne aikin solar da ya fi arha, ya fi daɗewa, kuma amfaninsa ya fi kaiwa ga mata.

Na biyu asibitin ƙauye. Akwai firijin rigakafi da aka ƙera domin ya yi aiki da faranti kai tsaye. Da rana yana daskarar da ruwa a jikinsa, da dare sanyin ya riƙe allurar. Ɗakin haihuwa kuma yana buƙatar fitila da ɗan batir. Ungozomar da ta taɓa karɓar haihuwa da fitilar waya a baki ta san darajar wannan.

Fitilun titi su ne na ƙarshe, ko da yake su 'yan siyasa suka fi so. Dalili a fili yake: fitila ana ganin ta daga mota, ana rubuta suna a jikinta. Kowace fitila tana da ɗan batirinta. Ranar da batirin ya mutu, idan ba a ware kuɗin gyara ba, sai turke ya zama wurin ɗaure akuya. Fitila tana da amfani a kasuwa da tasha da ƙofar asibiti, inda ake hada-hadar dare. Amma garin da rijiyarsa ke jiran dizal, a ce an jera masa fitila hamsin, an sa riga kafin wando.

Injin ban ruwa mai sola shi ma ba ya buƙatar batir, domin da rana ake ban ruwa. Kuɗin sayensa ya fi na mai fetur nesa ba kusa ba. Manomi ɗaya ba lalle ya iya ba, amma ƙungiya tana iyawa. Shirin TRIMING, wanda aka fara a 2014 da rancen Bankin Duniya, ya gyara magudanai a wannan yanki, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin yashe magudana, za ta iya tara kuɗin inji. Sai dai akwai gargaɗi. Mai fetur yana kashe inji da wuri domin mai na ƙonewa. Mai sola ba abin da ke ƙonewa, sai ya bar ruwa yana kwarara. Ruwa ya yi yawa a gona, ƙasa ta jiƙe, gishiri ya taso. Ruwan ƙasa kuma yana iya ja da baya, rijiyoyin maƙwabta su ƙafe.

A ƙasar Indiya, a jihar Gujarat, an shimfiɗa farantan sola a saman magudanar ban ruwa a 2012. Ba a ci gonar kowa ba, inuwar farantan kuma ta rage ƙafewar ruwa. Duk wanda ya bi gefen babbar magudanar Kadawa zai iya kwatanta abin a zuciyarsa. Magudanar ta hukumar kogi ce, don haka sai da yardarta.

Wutar Tiga da wutar Kumbotso

Ruwan da ke faɗowa daga madatsa yana iya juya inji ya ba da wuta. Gwamnatin Kano ta fara aikin tashar wuta a Tiga zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, aka ci gaba da shi zamanin Abdullahi Umar Ganduje. Ƙarfin tashar megawat 10 ne. An kuma tsara wata mai megawat 6 a madatsar Challawa. A watan Janairu 2023 aka buɗe wata tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso, kusa da masana'antun Challawa.

Mene ne megawat 10? Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya. Kilowat 1,000 shi ne megawat ɗaya. A ɗauka gida yana kunna ƙwan fitila da fanka da talabijin da ɗan firiji, duka wat 500. To megawat 10 zai ɗauki gida 20,000 irin wannan, idan injin na aiki da cikakken ƙarfinsa.

An tsara wutar Tiga ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Wannan zaɓi ne, kuma yana da hujja: matatar ruwa tana cin dizal mai yawa, mutanen birni kuma suna da yawa. Amma manomin Bunkure yana da tambaya biyu. Ta farko, garuruwan da ke zaune kusa da ruwan, mene ne rabonsu? Ta biyu ta fi nauyi. Injin wuta yana son ruwa kullum, gona kuwa tana da lokacinta. Idan damina ta yi ƙaranci, madatsa ba ta cika ba, wa za a fara ba ruwa: alkama ko inji? Can ƙasa kuma akwai mutanen Haɗeja da Nguru, masu noma da kamun kifi, waɗanda su ma da wannan kogi suka dogara. Wannan magana ce da ya kamata shugabannin ƙungiyoyin ruwa su nemi a rubuta ta tun ruwa na cike. Ranar fari ba ranar ciniki ba ce.

Ƙaramar tashar gari

Akwai wata hanya tsakanin sola ta gida ɗaya da babbar wutar ƙasa. Kamfani yana zuwa gari ya kafa farantai da batura a fili ɗaya, ya ja waya gida-gida da shago-shago, ya sa wa kowa mita. An yi irin wannan a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018, da taimakon Hukumar Kai Wuta Karkara, wato REA. Jami'ar Bayero ma ta sami tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. Hukumar NERC, mai kula da harkar wuta, ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi a 2016, ta sabunta su a 2023.

Gari irin Kura, mai injinan casa da walda da niƙa, shi kamfani ke nema, domin injinan nan da rana suke aiki, lokacin da wutar sola ta fi arha. Ƙa'ida ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniya da al'umma. Idan kuma garin yana da turakun KEDCO, to yarjejeniyar ta mutum uku ce: kamfani, da al'umma, da KEDCO.

A nan ne ilimin karatu ke da rana. Gari ɗaya ba ya ɗaukar tasha biyu. Wanda aka ba, shi kaɗai ne, shekaru masu yawa. Tunda ba gasa bayan an sa hannu, to dole a yi gasar kafin a sa hannu. A nemi kamfani biyu ko uku su faɗi farashinsu. A karanta takardar da Hausa a gaban dagaci da masu unguwanni da masu injina da wakilan mata. A ji nawa ne ma'auni, yaushe za a iya ƙara kuɗi, awa nawa za a samu, wa zai sauya batir, kuma filin da aka bayar aro ne ko kyauta. Kuɗin ma'aunin irin wannan tasha yakan fi na KEDCO, amma yakan gaza na janareta. Mai injin casa ya kwatanta shi da kuɗin dizal ɗin da yake ƙonawa a wata.

Darasin 2001 da 2003

Harkar sabis ta sha bamban da ta wuta, domin a nan kamfanoni da yawa suna iya zama a gari ɗaya.

Kafin 2001, wayar tarho yawanci ta NITEL ce, kuma sai birni. A watan Agusta 2001 MTN da Econet, wadda yanzu ake kira Airtel, suka fara aiki. A lokacin layi kaɗai yana kai naira 20,000 ko fiye. Kira naira 50 ne a minti. Ko daƙiƙa biyar mutum ya yi, sai a cire masa kuɗin minti guda. A watan Agusta 2003 Glo ya shigo, ya fara cajin daƙiƙa-daƙiƙa. Ba a daɗe ba sauran suka bi sahu. Kuɗin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama abin da ɗan kasuwar ƙauye ke saya da canjin aljihu. Ba roƙo ne ya saukar da farashi ba. Sabon mai sayarwa ne ya shigo kasuwa.

Manomi ya san wannan a jikinsa. Ranar da motoci suka yi yawa a Kwanar Gafan, kwando ya yi daraja. Ranar da mai saye ɗaya ne, shi ke yanka farashi.

Yau waya ta wuce kira. A 2012 an fara raba takin gwamnati ta saƙon waya. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, wanda ƙauyensa ba sabis ya ga ta kansa: ga kuɗi a asusu, ga buhun shinkafa, amma ciniki ya ƙi. A watan Janairu 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. A ƙauyen da layi uku ke kamawa, mutum yana iya duba wanda ya fi sauƙi. Tun 2013 ma doka ta ba shi damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. A ƙauyen da layi ɗaya ke kamawa, wannan dama a takarda ta tsaya. Wanda kamfani ya ci masa kuɗi ba gaira ba dalili, ya fara kai kuka ga kamfanin. In ba a share masa hawaye ba, NCC tana da lambar koke ta kyauta, 622.

Wayar gilashi da kuɗin haƙa

Intanet mai sauri ba a iska kaɗai take tafiya ba. Daga waya zuwa ƙarfen sabis, a iska take. Daga nan kuma yawanci sai ta shiga wata waya da aka binne a ƙasa. A cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, haske ne ke bi ta ciki ɗauke da saƙo. Ana kiran ta faiba. Ita ce ta ratsa ƙasa har Legas, ta shiga ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da yawa suka kasa aiki yadda suka saba.

Kafin kamfani ya haƙa gefen hanya ya binne faiba, sai ya biya gwamnati kuɗin haƙa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta amince da naira 145 a kan kowace mita. Jihohi da yawa ba su bi ba. Ekiti tana karɓar naira 4,500 har zuwa 2020, sannan ta sauko 145. A wannan shekara Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya.

Ga wani lissafin. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce. A kan naira 145, kilomita 10 za ta ci naira 1,450,000. A kan naira 4,500, za ta ci naira 45,000,000. Wannan kuɗin izini ne kawai, ba a sayi waya ba, ba a biya leburori ba. Babban kamfani zai iya biya a birni, inda masu saye suke da yawa. Ba zai biya domin Kumurya ko Gurjiya ba. Ƙaramin kamfani kuwa ko birnin ba zai iya ba. Tsadar kuɗin haƙa tana korar mai sayarwa na biyu da na uku, ta bar na farko ya yi babakere.

Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na jama'a. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin binne ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Irin wannan waya manyan tituna take bi, kamar titin Kano zuwa Zariya da ya ratsa ƙasar Kura. Ko za ta kauce ta shiga ƙauye, wannan ya dogara da sauƙin da ta samu. Akwai kuma intanet ta tauraron ɗan adam, irin Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023. Ba ya buƙatar haƙa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin gidan manomi. Makaranta ko asibiti ko ƙungiya ne za su iya ɗauka.

A Amurka akwai wani birni, Chattanooga, inda kamfanin wuta mallakar birnin ne. Kamfanin ya ja faiba tare da wayoyin wutarsa, a 2010 ya fara sayar wa mutane intanet mai saurin gaske. Kamfanonin da suka riga shi sun kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. Ƙaramar hukumar Kura ba ta da kamfanin wuta, ba ta kuma ba da lasisi, don haka ba za ta kwafi wannan ba. Amma tana da abubuwan da kamfani ke buƙata.

Tana da fili. Idan za ta ba da fili a kafa ƙarfen sabis, ta sa sharaɗi a bar kowane kamfani ya ɗora na'urarsa a kai. Dama yawancin ƙarafan yanzu na wasu kamfanoni ne da ke ba da haya, ƙarfe ɗaya yana ɗaukar layi biyu ko uku. Tana da hanyoyi. Ranar da ake gina sabuwar hanya ko kwata, a binne bututu a gefe, domin duk mai faiba ya zura tasa ba sai an sake fasa hanya ba. Tana da masu karɓar haraji. Idan kowane wata wani ya zo da rasit ya garƙame ƙarfen sabis, kuɗin da aka samu kaɗan ne, cinikin da ya tsaya a kasuwa ya ninka shi. Tana kuma da 'yan sintiri. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin kayan ƙasa masu muhimmanci da doka ke karewa. Ɓarawon da ya sace batirin ƙarfen sabis, da wanda ya kwance farantin rijiya, gari ɗaya suka cuta, kuma sau da yawa kasuwa ɗaya suke kai kayan.

Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma kansiloli ne ke zama a kansa kowace shekara. Kura tana da kansiloli, Bunkure tana da nata, kowace mazaɓa da ɗaya. Ajin karatu ko ƙungiyar manoma ko ta mata masu turara shinkafa suna iya rubuta wa kansilansu takarda kafin zaman. Takardar ta faɗi sunan rijiyar, da ranar da ta tsaya, da gida nawa ke sha daga gare ta. A ajiye kwafi ɗaya a hannun sakataren ƙungiya.

Tambayoyi domin aji

1. Me ya sa rijiyar burtsatse mai sola ba ta buƙatar batir?

2. Injin wani manomi yana shan lita 5 a kowane ban ruwa, sau 2 a mako, har mako 12. Lita nawa ke nan? Nawa zai biya a kan farashin fetur na wannan mako?

3. Idan kuɗin haƙa naira 145 ne a mita, nawa za a biya daga bakin titi zuwa ƙauye mai nisan kilomita 6?

4. Ɗalibai su ƙirga rijiyoyi da fitilun sola da ke garinsu. Nawa ke aiki, nawa suka mutu, kuma wa aka ɗora wa gyaransu?

5. Layi nawa ke kamawa a ƙofar makarantar da ake wannan aji? A rubuta sunayensu, a kawo wa malami mako mai zuwa.